Hannun Lalle a Ƙarƙashin Leda

Assalamu alaikum mata 'yan uwana, da ku 'yan matan da waya ba ta barin hannunku. Ni ce Iyatu ta Jiga Birni, mai albasa. Ban yi boko ba, murya nike turawa ana rubuta maku, in kun ga magana ta karkace to bakina ne. Ku tambaya duk kasuwar Aliero, ba mai cewa na taɓa kwana da sisinsa, kuma wanda nike bi ko allura ce ban mance ba. Yau Jumu'a. Gobe anka sa ɗaurin auren jikata Murjanatu. Shinkafar masa na jiƙe a bahuna uku a tsakar gida, amma ban san ko akwai auren ba. Kuma ni nij ja.

Bari in ɗauko maku daga tushe.

Murja ɗiyar ɗiyata ce Hafsatu, Allah shi jiƙanta, bana shekara takwas da rasuwarta. Abu biyu ta bar mani a duniya, yarinyar nan da kabad ɗin kicin. Kabad ne na madaci, ƙofa goma sha biyu, aljihu huɗu, da kuɗin ƙuli-ƙulinta ta sa kafinta ya yi mata shi lokacin tana aure Jega. Da anka raba gado ya faɗo rabon Murja, munka jera shi a ɗakina, ina aje daddawa da kuka a ciki.

A jikin ƙofar tsakiya akwai hannu. Ɗan mitsitsin tafi, yatsu biyar, jajaye. Jajibirin wata Sallah ne anka sa wa Murja lalle tana shekara bakwai, anka ce ta zauna wuri ɗaya har shi kama. Wa ya ga Murja da zama? Tat tashi satar cincin, tad dafa ƙofar da ɗanyen lalle. Katako ya sha. Uwar tad ɗauko bulala, da tag ga hannun sai dariya tak kama ta, tac ce, "Inna, bar shi nan. Ɓarawon da ya sa hannu da kansa ai ba ya musu." Har ta koma ga Allah ba ta bari an goge shi ba.

Khalil kuwa ɗan Jega Firchin ne, yana da shagon irin albasa da maganin feshi. Iri yak kawo mani, yag ga Murja na tankaɗe, tun ran nan iri bai sake ƙare mani ba. Shekara uku yana zuwa. Yaro fari tas, mai ƙamshi, hula kullum a karye gefe guda. In ya shigo sai shi ce, "Ina amaryata ta gaskiya? Iya, ke nike so, wagga rakiya ce." In ce mashi, "Tahi can, angon da ba shi ko sayen goro." Gobe sai ga goro har da ganyensa.

Ya san hannun. Ku riƙe wanga da kyau. A gabana Murja tab ba shi labarin, yad durƙusa yas sa babban tafinsa bisa ƙaramin, yac ce, "Ashe tun kina shekara bakwai kike sata. Shi ya sa kika iya da zuciyata." Tar rufe fuska da mayafi tana dariya. Ni ma nic ce a raina, Hafsatu, kwanta ki huta, ɗiyarki ta samu.

Matsala ta fito daga bakin uwarsa, Hajiya Balkisu. Ranar da sunka kawo lefe, tana zaune bisa tabarmata cikin leshi ruwan zuma, awarwaro har gwiwar hannu, tana kallon rufin ɗakina kamar mai ƙirga azara. Tac ce, "Iya, gidan Khalil sabo ne dal, tayil har bayi. Matar wansa daga Kano anka yo mata kicin. Mu dai roƙonmu guda, kada a shigo muna da abin da wani ya ci ya rage."

Nic ce, "Allah shi rufa asiri, Hajiya."

Kun san al'ada, kicin na dangin amarya ne. Niy aika a tambayo mani sabon kabad. Miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Nis sa anka maimaita mani, don na zaci gona anka ce. Albasar da ke cikin ruduna, wato rumbun da muke ajiyarta, gado da katifa da kujeru sun riga sun cinye ta. Buhu biyar sunka rage.

Khalil ne yak kawo dabara. Yaz zo da la'asar yaz zauna bakin ƙofa, yar rage murya.

"Iya, akwai wata leda da ake mannawa a jikin katako. In an gama ko kafinta ba shi ganewa. Abokina Ɗantsoho na yi. Katakon Mama ya fi na yanzu ƙwari, fuska kawai za a sake mashi."

"Uwarka fa?"

"Hajiya ido take saye da shi. In ya yi walƙiya shi ke nan."

Murja na bayana tana murza bakin zane. Tac ce a hankali, "Ni dai in kabad ɗin Mama zai bi ni, ko da buhu a rufe shi."

Wagga magana ita tas sa niy yarda.

Khalil yak kawo Ɗantsoho, yaz zo da awo a wuya da littafin kaloli. Mutum ne mai furfura a gemu, ba shi da yawan dariya. Murja taz zaɓi fara mai jijiya toka-toka, irin ta marmara. Yay yi awo yay yi awo, sannan yaf fara karanto mani.

"Leda mita ashirin da biyu, kowace dubu shida da ɗari biyar. Dubu ɗari da arba'in da uku ke nan. Aikin hannu arba'in da biyar. Mariƙai sababbi sha shida, dubu ashirin da huɗu. Mota takwas. Duka ɗari biyu da ashirin."

"Ledar da ake ba mu kyauta in mun sayi tumatur?"

"Iya, wagga ba ta tumatur ba ce."

"Rage mani mariƙan. Na jiki mi sunka yi?"

"Su za su tona ki. Ba a sa wa amarya leshi a bar ta da tsohon silifa."

Munka ja munka ja, ko ficika bai sauka ba. Nis sayar da buhu uku, nih haɗa da abin da ke ƙullin zanena, dubu ɗari da talatin. Saura casa'in. Kafin in buɗe baki Khalil ya danna waya, wayar Ɗantsoho ta yi ƙarar shigar kuɗi.

Nic ce, "Kai, ango ba shi yi wa kansa kicin. Wanga bashi ne."

"Haba Iya, tsakanina da ke?"

"Tsakanina da kai ɗin. Buhu biyu na nan, in albasa ta yi kuɗi bayan biki ka amshi abinka."

Kwana biyu Ɗantsoho yana aiki a cikin ɗakina da ƙofa a rufe. Shi goge katako, shi shimfiɗa leda, shi bi ta da wani abu mai hura zafi kamar na busar da gashi, shi lallashe ta da ɗan faranti har ta kwanta. Da yaz zo ƙofar tsakiya yac ce sai ya kankare hannun da sanfefa. Murja tat tare wurin da jikinta. Yad dube ta, yag girgiza kai, yar rufe shi hakanan. Ina kallo yatsun nan sunka shige ƙarƙashin farar leda ɗaya bayan ɗaya. Nij ji kamar karo na biyu nike sa Hafsatu a likkafani, amma nid danne.

Da zai tahi yac ce, "Iya, abu guda. Ba ta shiri da wuta. Ko tukunya mai zafi kada a jingina mata. Ki gaya wa masu jere."

Nic ce to. Kuma ban gaya wa kowa ba. In na ce kada a kai wuta kusa, za a ce don mi, in na faɗi don mi, asiri ya fita. Balle Shafa'atu ce shugabar jere, ƙanwar uban Murja da ke aure Giwa Tazo, wadda in ta ji magana da hantsi, kafin azahar an ji ta har Maiyama. Nic ce a raina zan tahi da kaina in tsare. Tsohuwa ba ta zuwa jere, ni nij je.

Ranar Laraba anka kai kabad sabon gidan Khalil anka yi jere, kicin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Fari ƙal, mariƙai ruwan zinari, kuloli jere bisa jere, tangaran na ɗaukar ido. Mata sai ɗaukar hoto suke. Shafa'atu na shafa ƙofa tana cewa, "Iya, ashe kina da ƙasa haka? Wanga daga Kano ko Kaduna?" Nic ce, "Daga inda Allah ya hore."

Tun safe ina zaune bisa kujera a bakin kicin kamar mai gadi. Azahar tay yi. Nic ce bari in ba da farali, raka'a huɗu ce, mi zai faru?

Kun san yadda muke yi wa ɗakin amarya. Sai an turare ko'ina, labule, katifa, cikin sif, don ƙamshi shi kama gida kafin ta tare. Ina sallama ta ƙarshe nij ji ƙamshin turaren wuta, mai kyau, ɗan Maiduguri. Bayansa nij ji wani wari kamar an jefa takalmin roba a murhu. Ko addu'a ban shafa ba.

Shafa'atu ta zuba garwashi a kasko uku, ta sa biyu a cikin kabad, ta rufe ƙofofi don hayaƙi shi zauna. Na ukun ta aje shi ƙasa, dab da ƙofar tsakiya. Kafin in iso leda ta kumbura ƙuraje-ƙuraje, ta tattare tana naɗewa daga ƙasa kamar fatar ganda a wuta. Marmara ta koma baƙin madaci. Ga hannu nan ja, yatsu biyar, a tsakiyar fari.

Kuma a daidai lokacin dangin ango sunka shigo ganin jere, Hajiya Balkisu a gaba, ana rangaɗa guɗa. Guɗar tam mutu a maƙogwaron mai yinta.

Hajiya tad daɗe tana kallo. Tas sa farce taj ja ledar, tat taho mata a hannu.

"Tsohon katako," tac ce. Sannan idonta yas sauka ƙasa, taj ja da baya har tana take ƙafar wata. "Innalillahi! Hannun mi ne wanga? Hannun wa anka binne a inda ɗana zai ci abinci?"

"Hajiya, lalle ne. Yarinyar ce tana ƙarama..."

"Lalle ake rufewa a ɓoye? In ba asiri ba ne mi ya sa anka lulluɓe shi? Shekara uku ina mamakin abin da ya hana yaron nan ganin kowace mace. Ashe ga shi!"

Wata ƙanwarta har ta ɗaga waya tana ɗauka. Hajiya tak kira Khalil, ba a yi minti goma ba sai ga shi, da makullin mota a hannu. Da nig gan shi sai raina yas sanyaya. Nic ce ga mai shaida ya zo, wanda ya sa tafinsa bisa wanga hannu.

"Khalil, dube ni. Ka san da wanga?"

Yad dubi ƙofar. Yad dubi uwarsa. Ni kaɗai ce bai duba ba.

"Ni ma yanzu nike gani, Hajiya."

'Yan uwa, an taɓa cinye mani buhu arba'in a hanyar Legas, ban ji abin da nij ji a wanga lokaci ba. Shafa'atu na kuka tana cewa ita ta ja. Hajiya tas sa anka kwance ƙofar anka kai gidanta.

Kafin in iso Jiga Birni hoton ya riga ni. Nis samu Murja zaune a gefen gado, lallen amarci ɗanye a hannu da ƙafa, waya a cinya tana kallon abin da anka ɗora. Ba ta yi kuka ba. Tac ce, "Iya, zai kira. Tsoro ne ya kama shi. Zai gyara."

Bai kira ba sai safiyar Alhamis, shi ma saƙon murya. Tad danna muna tare.

"Murjata, ki yi haƙuri, ban runtsa ba wallahi. Kin san Hajiya da hawan jini, in ta ji da hannuna a ciki faɗuwa za ta yi. Na shawo kanta. Abu biyu take so. Iya ta zo ta ce ita kaɗai ta yi, ta ba da haƙuri. Sannan a ƙona ƙofar nan a gabanta don hankalinta shi kwanta. Katako ne kawai, Murja. Ni zan sai maki sabo, wanda ya fi shi, ba wanda zai sani. Ki taimake ni, kin ji? Ina sonki."

Sau uku tana maimaitawa. A na ukun ta tsayar da shi daidai wurin "katako ne kawai". Sannan tas sauko ƙasa tar riƙe ƙafafuna da hannun lalle.

"Iya, ki je. Don Allah ki je ki faɗi abin da suke so. Ina son shi, Iya. Ban san yadda zan yi in daina ba."

"Ƙofar uwarki fa?"

Tak kifa kai bisa gwiwata. "Mama za ta yafe mani."

Nic ce to. Allah shi ne shaidata, da niyyar ba da haƙuri nif fita. Sai dai ban iya durƙusa wa mutum alhali ɗansa na bina. Nik kira dillali yaɗ ɗauki buhu biyun nan a arba'in da biyar-biyar, albasar da in na yi haƙurin wata biyu sai ta ninka. Niƙ ƙulle dubu casa'in a gefen zane, nic ce in an watse in ja Khalil gefe in ba shi abinsa, ba mai ji.

Gidan Hajiya cike da 'yan biki. An shimfiɗa darduma a tsakar gida, tana bisa kujera. Nit tuɓe takalmi, ni da na girme ta da shekara ashirin, nid durƙusa.

"Hajiya, ni niy yi. Talauci ne ya sa, ba mugunta ba. Ki yi haƙuri."

"Ba wanda ya sani sai ke?"

"Laifina ne."

"To Allah shi kyauta. Khalil, ɗauko abin nan."

Da wani anka aika, da yanzu ina gida ina suyar masa. Amma shi yaɗ ɗauko. Da hannunsa. Ya riƙo ƙofar da gefe da yatsu biyu, nesa da shaddarsa, kamar mai ɗauke da mushe. Yaj jingina ta da murhun biki, yak karɓi galan ɗin kananzir. Wata tac ce, "Yi bisimilla tukuna, kada abin shi koma kanka." Sai nij ji bakin nan da ya ce wa jikata tun tana shekara bakwai take sata, yana karanta neman tsari a kan ɗan hannunta.

Ban san lokacin da nim miƙe ba. Gwiwar da ke ba ni wahala ko ƙara ba ta yi ba. Nik kwance ƙulli, niz zube kuɗin a cinyar Hajiya.

"Mi ne ne wanga?"

"Bashi ne. Ki ƙirga, dubu casa'in. Na ɗanki ne, cikon kuɗin leda da ya tura wa abokinsa Ɗantsoho a cikin ɗakina, ranar da ya kawo shi. Na ce mashi sai bayan biki, to na ga kamar ba mu kai can. Ki miƙa mashi, ni ban iya haɗa hannu da shi."

Hajiya taj juya a hankali.

"Khalil?"

Galan na hannunsa, kananzir na ɗiga bisa takalminsa. Bai ce na yi ba, bai ce ban yi ba.

Nit taka nid ɗauki ƙofar. Madaci akwai nauyi, amma niɗ ɗora ta a ka kamar tallar da nis saba, nir ratsa ta cikin matan nan. Ba wadda ta tare ni. A bakin titi mai keke yac ce kuɗin mutum biyu zan biya. Nic ce daidai ne, mu biyu ne.

Rana ta yi sanyi nis shigo gida. Murja na bakin rijiya, ta wanke lalle, ya kama jajir har ya yi baƙi-baƙi, irin wanda ake cewa amarya ta yi goshi. Tag ga ƙofar a kaina, tag gane. Nij jingina ta da bango. Tad durƙusa tas sa hannu taɓ ɓare sauran ledar da ta rage, a hankali, har katakon ya fito duka. Sannan taɗ ɗora tafinta bisa ƙaramin. Ja bisa ja.

"Shi yaɗ ɗauko ta?"

"Shi."

"Da kika faɗa, mi yac ce?"

"Bai ce komai ba."

Tag gyaɗa kai. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa.

"Kin biya shi duka, Iya?"

"Ko sisi ba shi binmu."

"To ni fa? Shekara uku. Wa zai biya ni?"

Ni Iyatu, da nike riƙe da lissafin rabin Jiga Birni a ka ba takarda, na juya wagga tambaya ta kowace fuska ban samo wanda zan kama ba. In na ce Khalil, sai in tuna roƙona ta yi da hannunta bisa ƙafata, nic ce mata to. In na ce ni, ban san da mi zan biya ba. Rudu ya ƙare.

Tun jiya ba ta sake yi mani magana ba. Ta shigar da ƙofar ɗakinta ta aje a gefen katifa. Ɗazu da hantsi Shafa'atu ta leƙo tana tambaya ko a kai shinkafa niƙa ko a tsame ta a shanya, nic ce ta tambayi mai abu. Muna tsaye wayar Murja tay yi haske bisa tabarma. Ban iya karatu ba amma na san hotonsa, hula a karye gefe guda. Saƙon murya ne, Shafa'atu ta ce minti bakwai.

Murja tad dube shi har hasken ya mutu. Tam miƙa hannu, tak kifa wayar bisa fuskarta, tac ce wa gwaggonta, "A bar shinkafar cikin ruwa tukuna."